Wai Toby Carvery Wurin Talakawa Ne? Muhawara a Zauren 'Yan Arewa Mazauna Ingila

Anti Rifkatu (Coventry): Salama, jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon saƙo, abin ya tsaya mini a rai tun safe, in ban amayar da shi ba barci ba zai ɗauke ni ba. Jiya Lahadi da muka taso daga coci na kai yarana uku Toby Carvery, saboda babban ya cika shekara 16. Ga wanda bai taɓa shiga ba: layi kake bi da farantinka, ga mutum tsaye da wuƙa a gaban manyan gasassun nama, na sa da talotalo da na alade iri biyu, ka nuna wanda kake so ya yanka maka. Daga nan ka wuce ka ɗebi gasasshen dankali da karas da kabeji da koren wake, ka kwarara romo, ka ɗora wannan abin nasu mai kama da fanke mai rami da suke kira Yorkshire pudding. Kayan lambun in ka cinye ka koma ka ƙaro, ba mai ce maka don me. Mu huɗu ban kashe fam 60 ba har da abin sha, yara da ƙyar suka miƙe don ƙoshi.

Yau a ɗakin hutu a asibiti ana hirar yadda kowa ya yi Asabar da Lahadi, na ba da labari da murnata. Sai wata Baturiya da muke aiki tare ta kalli ta kusa da ita, suka yi murmushi, ta ce ita kam ba ta taɓa taka ƙafarta can ba, wai wurin "a bit common" ne. Wato wurin talakawa. Wannan ma bai ƙona ni sosai ba, sai da wata 'yar ƙasarmu da ta riga ni zuwa da shekara goma ta ja ni gefe, ta ce in daina faɗa a gaban mutane cewa ina zuwa can, zai zubar mini da daraja. Daraja! A kan abincin da na biya da gumina?

Ni abin da na gani, ba abincin suke rainawa ba. Gasasshen naman Lahadi abincin ƙasarsu ne, daga mai kuɗi har mai shara shi suke ci. Mutanen da ke zaune a wurin suke rainawa: tsofaffi 'yan fansho, direbobin bas, magina, matan da ke riƙe da yara su kaɗai. Kuma na ce Turawan Ingila sun fi mu raina talaka nesa ba kusa ba, sai dai su da murmushi suke yi. Wanda ya ga ba haka ba ne ya faɗa mini. Tambayata kuma: gobe in mayar wa Baturiyar nan da magana ko in ƙyale ta?

Hajiya Binta (Manchester): Ayya Anti, Allah ya raya yaro, ya yi masa albarka. Ki share su kawai. Amma da kin yi mini magana ai da na haɗa muku masa da miyar taushe da farfesun kayan ciki, da duk wannan ɓacin ran bai same ki ba.

Dakta Bashir (Landan): Anti Rifkatu, barka da hidima, Allah ya ƙaro shekaru masu albarka. Sai dai akwai gyara. "Common" ba ta nufin talaka. Shekarata 19 a ƙasar nan, na san yadda suke amfani da kalmar. Rashin aji take nufi, rashin iya zaɓen abu. Ɗan ƙwallo yana iya ɗaukar dubban fam a mako su ce masa common, ga kuma tsohuwa a ƙauye, rufin gidan da ta gada yana yoyo, ba ta da kuɗin gyara, amma kowa ya ji maganarta ya san 'yar manya ce. Ba maganar aljihu ba ce. Fassararki ce ta ƙara wa abin nauyi.

Malam Sani (Leeds): Dakta, ai ka tabbatar da maganarta ne ba ka sani ba. Wa ya ce maka talaka mara kuɗi ne? Mara kuɗi matalauci ake ce masa. Talaka shi ne wanda ba ya cikin sarauta, wanda ake mulka, ko da kuwa yana da rumbu ɗari. Alhassan Dantata da ya rasu a 1955, a zamaninsa babu attajirin da ya kai shi a Afirka ta Yamma, amma a tsarin masarauta talakan Sarkin Kano ne. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 aka ce jam'iyyar talakawa ce, ba almajirai da mabarata kaɗai ake nufi ba, har da 'yan kasuwa da teloli da malamai. Su kansu Turawan, majalisarsu biyu ce: ta masu sarauta, da House of Commons, wato majalisar talakawa. Fassarar Anti daidai take, ba ta kauce ko kaɗan ba.

Dakta Bashir (Landan): Malam Sani, wannan Hausar littafi ce. Je ka Kasuwar Kurmi yau ka ce wa mai shago uku talaka, ka ga ko zai amsa.

Malam Sani (Leeds): Zai amsa mana, ranar da hakimi ya aiko a kira shi.

Yarima (Sheffield): Ni fa ban ga abin da ya kawo sarauta cikin maganar gidan cin abinci ba. Malam Sani, kullum haka kake, ko maganar kuɗin haya ake yi sai ka jawo NEPU ka ɗora wa sarakuna laifi. A gidanmu a Zariya tun ina yaro ban taɓa ganin an sauke tukunya an hana wani ci ba, zaure cike yake da mutane dare da rana. Talaka a wurinmu amana ne, ba abin raini ba.

Malam Sani (Leeds): Ranka ya daɗe, a zaure suke ci, ku kuma a ciki. Kakana ya sha ɗauri a kan jangali da haraji, ba labari aka ba ni a makaranta ba, tabon yana jikinsa har ya rasu.

Yarima (Sheffield): Allah ya jiƙansa. Amma harajin nan Bature ne ya tsananta shi, ka fi ni sani.

Zainab (Leicester): Anti, sannu. Ni a nan aka haife ni, bari in faɗi abin da na sani. Dakta yana da gaskiya ta wani ɓangare, amma kalmar zagi ce, kuma ba a faɗa wa ɗan manya ita. Wadda ta fi ta muni ita ce "chav", wadda ake jifan yaran unguwannin gidajen gwamnati da ita. A makaranta tun muna ƙanana mun san waye waye ba tare da an tambayi albashin iyaye ba. In kana kiran abincin dare "tea", an san gidanku ma'aikata ne, musamman a arewacin Ingila. In "supper" kake cewa, an san daga inda ka fito. Wanda uwarsa ke sayayya a Waitrose, kantin masu hali, daban, wanda take zuwa Iceland, kantin araha, daban. A 2013 BBC ta fitar da sakamakon wani bincike da mutum sama da 160,000 suka amsa tambayoyinsa, aka raba jama'ar ƙasar zuwa aji bakwai, kuma ba kuɗi kaɗai aka duba ba, har da su wa ka sani da abin da kake yi in ka sami hutu. Wani abu kuma: naman cinyar aladen da ake yankawa a irin wuraren nan sunansa gammon, kuma wajen 2018 wannan kalmar ta zama zagi ga farin dattijo mai jan fuska da ya goyi bayan ficewa daga Tarayyar Turai. Kun ga an ɗauki sunan abincin mutum an mayar da shi sunansa. Abin da ya fi ba ni haushi ma su ne abokan karatuna 'ya'yan masu hali da suke zuwa can su yi ta ɗaukar hoto suna dariya, kamar sun je kallon namun daji, alhali teburin da ke kusa da su wata tsohuwa ce da wannan ne kaɗai fitar da take yi a mako.

Anti Rifkatu (Coventry): Allah ya yi miki albarka, 'yata. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Dakta Bashir (Landan): Zainab, ai kin ce ina da gaskiya. Ba kuɗi ba ne, aji ne. Saboda haka ba talaka ba ne.

Zainab (Leicester): Kawu, cewa na yi ta wani ɓangare.

Bulus (Stoke): Bari in sa baki, don ni na yi wata takwas ina aiki a kicin ɗin irin waɗannan gidajen lokacin ina karatu, ba zan faɗi wanne ba. Gani ya kori ji. Arahar ba wai don naman ya lalace ba ne. Ba a ɗaukar ma'aikata da yawa masu kai faranti tebur-tebur, kai ne za ka tashi ka ɗauko. Ana gasa manyan gunduwa-gunduwa lokaci ɗaya maimakon a yi wa kowa nasa. Naman da awo ake yanka shi, dankali da karas ne ake sakar maka, su kuwa ba su da tsada kuma su ke cika ciki. Wannan dabara ma tsohuwa ce, a gidajen ma'aikata a da Yorkshire pudding ake fara ba yara da romo don cikinsu ya ɗauka kafin a kai ga nama.

Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Toby Carvery na kamfanin Mitchells & Butlers ne da ke Birmingham, yana da rassa sama da 150. Wannan kamfanin dai shi ke da Miller & Carter, gidan nama mai tsada da ake sa kwat a je, shi ke da Browns da All Bar One da Harvester. Anti, ina da yaƙinin matar da ta yi miki murmushi tana shiga ɗaya daga cikinsu. Kuɗinki da nata asusu ɗaya suke faɗawa. Kamfani ya buɗe wa kowane aljihu ƙofarsa, mu kuma muna ta harar juna a kan wace ƙofa muka bi.

Ni yanzu aikin kula da tsofaffi nake yi, fam 12.21 a awa, mafi ƙarancin albashin da doka ta sa a Afrilun 2025. Da na je Landan wani aboki ya kai ni wurin da faranti ɗaya na wannan gasasshen naman ya kusa cinye aikina na awa biyu. To ina mai 'ya'ya uku zai je?

Dakta Bashir (Landan): Bulus, ba wanda ya ce kada a je. Amma a yarda akwai bambanci a yadda ake cin abinci. Asalin yanka nama a gaban mai ci abin manya ne. A Simpson's in the Strand, wani tsohon gidan cin abinci a Landan, an san su da turo naman a kan keken azurfa har gaban teburinka a yanka maka. Wannan daban, mutum ya tula abinci a faranti kamar dala har romo na zuba a ƙasa daban.

Malam Sani (Leeds): Wato in an turo maka naman daraja ce, in ka tashi da ƙafarka ka bi layi ƙasƙanci ne. Dakta, wannan shi ne ainihin bambancin basarake da talaka, kai da bakinka ka faɗa. Shi kuma mai tula abincin, ka tambaya ko awa nawa ya yi a tsaye kafin ya zo?

Ustaz Nura (Bradford): Assalamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa ina jiran wani ya taɓo abin da ya fi muhimmanci, shiru. Kuna ta jayayya a kan talaka da basarake, kun bar halal da haram. Wurin nan mashaya ce, ana sayar da giya. Naman alade kuma yana jere da na sa a kan kanta ɗaya, mutum ɗaya ke yankawa. Ina kira ga 'yan'uwa Musulmi da ke zauren nan, kada tallan araha ya ja ku.

Anti Rifkatu (Coventry): Ustaz, ni Kirista ce, kuma a saƙona na farko na rubuta cewa daga coci muka taso. Ban gayyaci kowa ba, ba kuma talla na yi ba. Kukana na kawo.

Ustaz Nura (Bradford): Ba da ke nake ba, Anti. Akwai yara matasa a nan da suke karantawa.

Aminu (Birmingham): Ustaz, ni dai na taɓa zuwa, ba zan ɓoye ba. Abokan aikina na sito can suke yin liyafar ƙarshen shekara. Akwai farantin da babu nama, shi nake karɓa, in tambayi romon da ba na nama ba. In ban je ba ni kaɗai ne zan zama bare a cikinsu. Kuma ai aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, akwai malaman da suka yi sauƙi a kan naman sa da talotalo.

Ustaz Nura (Bradford): Malam Aminu, kada ka ɗauko aya ka yi wa kanka fatawa. Ka san yadda aka yanka? Ka san wanda ya yanka? Zaman teburin da ake shan giya fa?

Aminu (Birmingham): Na ce maka nama ban ci ba. Teburin kuma, jirgin da ya kawo mu ƙasar nan ana raba giya a cikinsa, duk mun zauna.

Hajiya Binta (Manchester): Ni dai shi ya sa kullum nake cewa a ci na gida. Namana daga mahaucin halal nake saye a Cheetham Hill, kowa ya sani.

Bulus (Stoke): Haka ake yi mana kullum. Da ɗayanmu ya kawo damuwarsa sai a mayar da ita wa'azi. Matar nan cin fuska aka yi mata a wurin aiki, ko sannu wasu ba su ce mata ba.

Alhaji Kabiru (shugaban zaure): Jama'a, a kiyaye dokar zaure. Ba a taɓa addinin kowa.

Isuhu na Maraɗi (Birmingham): Ni na zauna Faransa shekara shida kafin in zo nan. Can ma akwai irinsa, Flunch sunansa, ka ɗauki tire ka bi layi, kayan lambu iya cikinka. Su ma masu ji da kansu ba su son a gan su ciki. Abin ba na Ingila kaɗai ba ne.

Garba (Nottingham): Na yi shiru ne don in ga ko wani zai faɗa, ba wanda ya faɗa. Anti Rifkatu, na tausaya miki, abin da aka yi miki bai dace ba. Amma maganarki ta cewa Turawa sun fi mu raina mutum, ban yarda ba, kuma ni ne shaida. Ni ɗan mahauta ne. Mahaifina da kakana duk fawa suka yi a Gusau, da kuɗin tsire da balangu aka biya mini makaranta har na yi digiri biyu. Na nemi aure a wani gida, yarinya tana so, uwarta tana so, aka yi bincike aka dawo aka ce ba a ba ɗan mahauta. Ba a ce ba ni da hali ba, ba a ce ba ni da aiki ba. Mutumin da ya hana ni 'yarsa kuwa, kusan kowane dare motarsa tana tsayawa a bakin tukubar irin su babana. Ba ya fitowa. Gilashi yake saukewa kaɗan, a miƙa masa naman a ƙunshe a takarda, ya ja motarsa. Naman yana da daɗi, bencin ne ba zai zauna a kai ba, mai yankan ne ba zai haɗa jini da shi ba. Baturiyar nan murmushi ta yi miki, ni aure aka hana ni. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wasu.

Yarima (Sheffield): Malam Garba, Allah ya ba ka haƙuri, amma wannan tsohon zance ne, yanzu an waye. Kuma ai akwai Sarkin Fawa a kowace masarauta, rawani ake naɗa masa. Ina raini a nan?

Garba (Nottingham): Tsohon zance? Shekara huɗu ke nan. Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya: za a ba ɗan Sarkin Fawa 'ya daga gidanku?

Yarima (Sheffield): Aure nufin Allah ne.

Garba (Nottingham): Ba ka amsa ba.

Malam Sani (Leeds): Ba zai amsa ba, Garba. Mahauta, maƙera, wanzamai, makaɗa, duk an san inda aka ajiye su. Shi ya sa na ce kalmar talaka ita ce daidai.

Dakta Bashir (Landan): Malam Sani, yanzu kuma ka rushe maganarka. In talaka shi ne duk wanda ba basarake ba, to mutumin da ya hana Garba aure shi ma talaka ne. Ashe kalmar ba ta bayyana komai ba.

Malam Sani (Leeds): Talakan da ya koyi raini daga sama. Kamar dai 'yar ƙasarmu da ta ja Anti gefe.

Dakta Bashir (Landan): Ni don a sani, ba aji ne ya hana ni zuwa Toby Carvery ba. A Afrilun 2025 an sare wata tsohuwar bishiyar oak mai shekara kusan 500 a gefen Whitewebbs Park da ke Enfield, kusa da reshensu. Kamfanin ne ya sa aka sare, ya ce an shaida masa tana da haɗari ga jama'a. Ƙaramar hukumar Enfield, wadda ita ke da filin, ta kai maganar ga 'yan sanda, shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ba nisa da gidana, na je na ga kututturen da idona. Tun daga ranar na ce kuɗina ba zai shiga can ba.

Bulus (Stoke): Sare bishiyar nan kuskure ne babba, ban musa ba. Amma Dakta, kafin Afrilun 2025 sau nawa ka je? Kuma ka daina zuwa Miller & Carter? Don kamfani ɗaya ne.

Dakta Bashir (Landan): Ba sai na ba ka lissafin inda nake cin abinci ba, ƙanina.

Laraba (Wolverhampton): Tun da an fara faɗin gaskiya bari ni ma in faɗi tawa, wanda zai ji haushi ya ji. Ba sai mun je Gusau ko asibitin Anti ba, a cikin zauren nan abin yake. Taron da aka yi bayan Sallah a Birmingham, wa bai ga yadda aka zauna ba? Likitoci da masu digirin digirgir teburinsu daban a gaba, mu masu aikin kula da tsofaffi muna baya kusa da ƙofa, mu ne kuma muka kwashe kwanuka. Wata ta gaishe ni da fara'a, tambayarta ta biyu ita ce da wace biza na zo. Da na faɗa mata sai fara'ar ta ragu, ta juya. Ni malamar sakandare ce a Kafanchan shekara tara kafin in zo. Yau ina wanke tsofaffin da 'ya'yansu ba su da lokacinsu, ba na jin kunya. A Toby Carvery ɗin da ake rainawa ba wanda ya taɓa tambayata biza. Tsohuwar da nake kula da ita can take so a kai ta ranar haihuwarta, can mijinta yake kai ta kafin ya mutu, ta san ma'aikatan da sunansu.

Hajiya Binta (Manchester): Haba Laraba, ba wanda ya tsara zama a taron nan, kowa inda ya samu ya zauna. Ni na yi girkin, na sani.

Laraba (Wolverhampton): Hajiya, akwai takardu masu sunaye a kan teburin gaba. Na gani da idona.

Alhaji Kabiru (shugaban zaure): Waɗannan na iyayen taro ne da suka ba da gudummawa. Laraba, maganar taro ba a nan ake yin ta ba, akwai kwamiti.

Garba (Nottingham): Su wa ke cikin kwamitin, Alhaji?

Aminu (Birmingham): Ni ma na ba da fam 30, ban ga sunana ba.

Yarima (Sheffield): Yanzu kuma girmama manya ya zama laifi? Wannan ita ce tarbiyyar da muke son koya wa yaran da aka haifa a nan?

Zainab (Leicester): Kawu Yarima, mu da aka haifa a nan muna gani. A makaranta an auna mu da unguwarmu, mun zo taron 'yan gida kuma ana auna iyayenmu da biza.

Anti Rifkatu (Coventry): Ni fa tambaya ɗaya na yi. In ban da Hajiya Binta, har yanzu ba wanda ya ce mini ko in mayar wa matar nan da magana gobe ko in ƙyale ta.

Alhaji Kabiru (shugaban zaure): To jama'a, dare ya yi, wasunmu suna da aikin safe. Bari in taƙaita abin da aka cim ma don a rufe. An fahimci cewa kalmar da Baturiyar ta faɗa ba ta nufin talaka, kamar yadda Dakta Bashir ya yi bayani da gogewarsa ta shekara 19, saboda haka akwai rashin fahimta a fassara, kuma muna ba 'yar'uwarmu Rifkatu haƙuri da shawarar ta riƙa lura da irin hirar da take yi a wurin aiki. An kuma yi ittifaƙi a kan nasihar Ustaz Nura cewa Musulmi su nisanci irin waɗannan wurare. Maganar bishiya da Dakta ya kawo ta nuna akwai dalilai masu ƙarfi na ƙin wurin da ba su shafi raini ba. Abin takaici, wasu sun yi amfani da damar sun taɓa masarautunmu da shugabannin wannan zaure, muna yaba wa Yarima bisa haƙurin da ya nuna. Zaurenmu bai san bambanci ba, kowa ɗaya ne. Mai buƙatar abincin biki ya tuntuɓi Hajiya Binta. An rufe wannan magana.

Malam Sani (Leeds): Alhaji, wa ya fahimci hakan? Mutum ɗaya ne ya faɗa, mutum huɗu suka musa. Wannan ba taƙaitawa ba ce, ra'ayinka ne.

Aminu (Birmingham): Ni ban yi ittifaƙi da kowa ba.

Garba (Nottingham): Maganata ko ambatonta ba a yi ba.

Alhaji Kabiru (shugaban zaure): Na ce an rufe. Wanda ya ƙara zan cire shi na kwana uku.

Anti Rifkatu (Coventry): Alhaji, shawarar da ka ba ni ita ce dai wadda waccan ta ja ni gefe ta ba ni, kuma ban karɓa ba. Gobe in an tambaye ni inda na ci abinci zan faɗa da bakina. Ranar Lahadi mai zuwa kuma zan koma da yarana bayan coci. Laraba, Bulus, in kuna da hali ku zo, zan kama mana tebur.

Bulus (Stoke): Ina zuwa, Anti. Ki kama da wuri, ranar Lahadi cika yake yi.

Laraba (Wolverhampton): Ina aikin dare ranar Asabar, sai takwas na safe nake tashi. In kun sa ƙarfe biyu zan zo da 'yata.